Disketin Badaru

Badaru Labbo shi kaɗai ne ya san cikin kwamfuta a duk furojen, wato shirin rijiyoyi da noman rani da ke Ƙonni. A shekarar 1998 wannan ba ƙaramin suna ba ne. Idan ya biyo ta kasuwa a kan ƴar mobilet ɗinsa, masu shayi sukan nuna shi da baki su ce ga likitan odinatar nan. Shi kuwa ya san aikin nasa bai wuce na mai ban ruwa a lambu ba. Kafin ka kai ƙarshen fage, farkon ya bushe.

Furojen yana da buro, wato ofis, guda uku: babban a Ƙonni, ɗaya a Malbaza, ɗaya a Illela ta hanyar Tawa. A kowane buro an jera injuna a kan tebura, baƙar waya ta bi gindin bango ta haɗa su da wata babbar kwamfuta da ke kusurwa, wadda ma'aikata ke kira uwa. Injunan ba sa daɗewa lafiya. Yau kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar aiki, gobe wani ya kawo faifan disket na wasa daga ƙetaren iyaka ya cusa, cuta ta shiga ta bi waya ta gama ɗakin. In haka ta faru, magani ɗaya ne: a goge inji a sake zuba masa shirye-shiryensa tun daga tushe. Badaru zai ja kujera ya zauna gaban injin farko da tarin disket a gefensa. Ya sa wannan, ya jira, ya zare, ya sa wancan. Injin ya tambaye shi harshe, ya amsa. Ya tambaye shi suna, ya tambaye shi wace na'urar buga takarda, ya amsa. Rabin wuni ya tafi a kan inji ɗaya, sannan ya ja kujera zuwa na gaba, wanda zai yi masa tambayoyin nan dai ba ragi ba ƙari. Bai gama da Ƙonni ba rediyon buro zai yi ƙara, Malbaza na nemansa. Yana Malbaza, Illela ta aiko.

Matarsa Kyauta ungozoma ce. Da ta gama makaranta gwamnati ta tura ta wani asibitin haihuwa a Yamai, ta tafi da ɗiyarsu Jummai tana goye. Da farko sun ce abin na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin ya yi ta miƙewa har yarinya ta fara tafiya, ta fara magana, duk a bayan idonsa. Ranar Lahadi yakan je telesantar da ke kusa da tasha, ya shiga ɗan akurkin katako ya kira gidan maƙwabtansu, a je a kirawo ta. Wata Lahadi Kyauta ta sa wa yarinyar wayar a kunne ta ce ta gaida Baba. Sai ya ji Jummai ta tambayi uwarta, "Wane ne?"

Cikin wannan hali abokinsa Dauda, wanda suka yi karatu tare, ya kira shi daga Yamai. Ya ce kamfanin da yake wa aiki na neman mai kula da injuna, ya kuma riga ya ba da sunansa. Za su jira shi har bayan ƙaramar salla. Abu ɗaya suke so, takardar sallama daga inda yake aiki, don maigidan kamfanin ba ya ɗaukar wanda ya baro wani wuri da rigima.

Takardar kuwa a hannun Malam Hamani take, daraktan furoje. Da wani ne daban, da Badaru ya shiga ya faɗi maganarsa ya fito. Amma Malam Hamani aminin mahaifinsa ne marigayi. A gidansa na Tawa Badaru ya zauna duk shekarun da ya yi a lise, makarantar sakandare, da ƴaƴansa ya ci tuwo a kwano ɗaya, kuma shi ya kirawo shi wannan aiki. A buro yana ce masa Darakta, a gida Baba. Saboda haka gida ya same shi, bayan la'asar, yana zaune a kan tabarma yana gyara rediyonsa.

Badaru ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya faɗi abin da ya kawo shi.

Malam Hamani ya ajiye rediyon. "Ɗana, ba ni hana ka iyalinka. Wa ka raba mutum da ɗiyatai? Amma dubi nan. In ka tahi, wa za ya riƙe muna injunan ga? Masu ba da kuɗi ba su karɓar rahoto da rubutun hannu yanzu. Ranar da injunan ga sunka tsaya, furoje ya tsaya. Gida nawa ka ci daga nan, ka sani."

"Na sani, Baba."

"To samo mini wanda za ya yi abin da kake yi. Ranar da ka kawo shi, da hannuna zan sa maka sa hannu."

Badaru ya fito yana jin kamar an ɗaure shi da zaren da ba ya ganuwa. Wa zai samo? Waɗanda suka iya aikin duk suna Yamai, babu mai barin Yamai ya zo Ƙonni a kan wannan albashi. Ya rubuta wa mutum biyu, ɗaya bai amsa ba, ɗaya ya amsa da dariya.

Dabarar ta zo masa ne a Malbaza, wata ranar zafi, yana zaune gaban inji yana danna amsar da ya danna sau ba adadi. Motocin siminti na wucewa a waje, tagogi na rawa. Ya kalli yatsansa a kan maɓalli, ya ce a ransa, wannan yatsan ba tunani yake yi ba. Tunda amsar ba ta canzawa, me zai hana a rubuta ta sau ɗaya, injin ya riƙa karanta abinsa?

Da ya koma Ƙonni ya fara. Ya kwashe duk shirye-shiryen da ke cikin tarin disket ya zuba su a cikin uwa, kowanne a ɗakinsa. Sannan ya ɗauki disket guda, ja, ya rubuta jerin umarni a ciki, layi bayan layi, kamar yadda za ka yi wa baƙo kwatancen gida. In an kunna inji da wannan disket a ciki, umarni na farko zai sa shi ya nemi waya ya gaida uwa. Na biyu ya goge ɓangaren da shirye-shirye suke. Na uku ya kwaso sababbi daga uwa. Sauran kuma su amsa tambayoyin da Badaru ya saba amsawa da hannu. Tun da ya kama aiki ya raba cikin kowane inji gida biyu, ɗaya na shirye-shirye, ɗaya na aikin ma'aikata, don haka gogewar ba ta taɓa aikin kowa.

Faɗinsa ya fi yinsa sauƙi. Babu littafin kirki, babu wanda zai tambaya. Umarnin ya tsaya a tsakiya don ya manta alama ɗaya. Ya gyara, ya tsaya a wani wurin don katin da wayar ke shiga a jikin wasu injunan ba iri ɗaya ba ne da na sauran. Azumi ya kama shi a kai. Ma'aikata na tashi da wuri, shi yana nan cikin ɗakin da bushasshen baki, yana kunnawa yana kashewa, har mai gadi ya leƙo ya ce masa rana ta kusa faɗuwa. Wani lokaci kuran ya ɗauke ana dab da gamawa, ya zauna yana jiran a tada gurup, janaretan buro.

Ranar da abin ya yi, bai gaya wa kowa ba. Ya bi injuna huɗu da jan disket, ya sa, ya kunna, ya zare, ya wuce. Ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Dukansu suna aiki a lokaci guda, fararen layuka na gudu a kan baƙin gilashi, babu hannun kowa a kai. Kafin ya je masallaci ya dawo sun gama, kowanne ya tsaya yana jiran mai shi. Badaru ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, ya yi dariya shi kaɗai.

Saura wanda zai riƙe disket. Ya zaɓi Halima, sakatariyar buro, bazawara mai ƴaƴa biyu wadda ta fi kowa saurin hannu a kan maɓalli, ba ta kuma tsoron inji kamar yadda manyan ma'aikata ke tsoro. Ya nuna mata sau biyu, na uku ta yi da kanta.

"Shi ke nan, Yaya Badaru?" ta tambaya. "Wannan ne kake kwana uku a kai?"

"Shi ne."

"To Allah shi isam maka da wanda bai gaya maka tun farko ba."

Suka kira Malam Hamani ya gani. Badaru ya koma gefe ya harɗe hannu, Halima ta bi injuna da disket. Daraktan ya tsaya yana kallon layukan da ke gudu, yana shafa gemu. Ya tambaya ko ba sihiri a ciki, ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Badaru ya ce ubansa da yana raye da ya yi alfahari. Sannan ya ce, "Nan kana tsaye kusa da ita. Ina son in ga ta yi inda ba ka nan. Illela sun aiko injunansu na ciwo. Ta tahi ita kaɗai, kai ka tahi Malbaza. In ta dawo lahiya, takardarka ta hito."

Badaru ya je telesantar a ranar, bai jira Lahadi ba. Ya ce wa Kyauta ta fara neman gida mai ɗaki biyu. Ta ce, "Baban Jummai, kada ka sa mini rai." Ya ce wannan karon ba sa rai ba ne, magana ta ƙare.

Da safe motar furoje ta ɗauke su tare. A mararrabar Tsarnawa aka sauke shi ya nemi motar Malbaza, direba Chindo ya karkata arewa da Halima, jan disket na cikin jakarta a nannaɗe da hankici. Badaru ya ɗauki kwafin disket ɗin ya yi aikin Malbaza kafin azahar. Yana zaune yana hira da ma'aikata, abin da bai taɓa samun sarari ya yi ba, sai rediyo ya yi ƙara. Muryar Halima ce.

"Yaya Badaru, ka zo. Injin Malam Maikano ya tashi, amma aikinshi babu."

Maikano shi ne ma'aikacin karkara na Illela, dattijo mai ƙarancin magana. Shekara biyu yana yawo a kan babur ƙauye-ƙauye, yana zura igiya cikin rijiyoyi yana auna inda ruwa ya tsaya, rani da damina, ya dawo ya shigar a inji da yatsa ɗaya. A kan wannan awon masu ba da kuɗi za su duba ko rijiyoyin furoje na riƙe ruwa, su yanke ko za a ci gaba.

Badaru ya bi motar siminti zuwa Tsarnawa, ya samu ta Tawa ta sauke shi Badagishiri, daga nan ya hau bayan wata akori-kura da buhunan gero. Ya isa Illela da la'asar sakaliya. Halima na zaune bakin ƙofa, idonta ya kumbura. Maikano na tsaye gaban injinsa, hannu a baya, kamar mai tsaye a kan kabari.

Kallo ɗaya Badaru ya yi wa cikin injin ya gane. Ba a raba shi gida biyu ba. Gida ɗaya ne, shirye-shirye da aiki duk a haɗe, umarnin kuma ya goge shi baki ɗaya ya zuba sabo a kai.

"Malam Maikano, wa ya taɓa injin ga?"

"Da damina ya mutu, lokacin da ruwa ya yanke hanya," in ji Maikano a hankali. "Munka kai shi Tawa, wani mai gyara ya canza mishi abin ciki, ya maida mini aikina. Na ga shina tahiya daidai, ban ga abin faɗi ba."

Badaru ya sake duba cikin injin. Da shi ne ya zauna da hannu, da ya gani tun kafin ya taɓa wani abu. Disket ba ya gani sai abin da aka ce ya duba, shi kuwa bai ce masa ya duba ba. Layi biyu kacal zai ƙara, injin ya tsaya ya ce ban ga gida na biyu ba. Bai kawo a ransa ba, don a saninsa shi ya raba kowane inji da hannunsa.

Ya zauna a Illela ya yi ta tonon cikin injin da duk dabarar da ya sani. Abin da sabon zubi bai hau kai ba ya fito guntu-guntu: rabin sunan ƙauye, lambobi babu kwanan wata, wata guda cikakke sannan wata uku babu komai. Maikano ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado, takardun da yake rubutawa a bakin rijiya kafin ya shigar. Na bana suna nan. Na bara gara ta ci fiye da rabi, wasu kuma ruwa ya jiƙa tawada ta narke. Dattijon bai ɗaga murya ba, bai zargi kowa ba. Ya dai ɗaga wata takarda da gara ta mayar kamar rariya ya ce, "Ruwan bara ya wuce, ba a sake auna shi." Wannan ta fi wa Badaru zafi a kan zagi.

A Ƙonni Malam Hamani ya rufe ƙofar buronsa da su biyu, Badaru da Halima. Fuskarsa ta faɗa. Ya fara da Halima, ya ce wa ya ce ta taɓa injin da ba a ce ta taɓa ba. Badaru ya tari numfashinsa.

"Darakta, abin da na koya mata shi ta yi, ba ta ƙara ba ta rage ba. Gyaran na wurina, kuma na riga na yi shi. Yanzu disket na dubawa kahin shi goge, in bai ga gida biyu ba sai shi tsaya. Wannan ba ya sake faruwa."

"Wannan ba ya sake faruwa," in ji Malam Hamani. "Wani fa? Wanda ba ka tuna ba tukuna?"

Badaru ya san gaskiya ce.

Daraktan ya miƙa hannu, Halima ta ciro disket ta ba shi. Ya juya shi, ya karɓi kwafin da ke hannun Badaru, ya jefa su a aljihun tebur, ya murɗa makulli. Ya ce daga yau babu mai sa wannan abu a inji sai Badaru da kansa, yana tsaye a wurin, a buro ukun duka. Ya ce masu duba furoje za su zo bayan babbar salla, kafin nan sai an sake shigar da duk abin da ya rage na Maikano, an cike giɓi da abin da za a iya samu a wurin masu rijiyoyi. Ya sallami Halima. Da ta fita, muryarsa ta sauka.

"Ɗana, kai ka ga halin da muke ciki. In na sake ka yanzu, mi zan ce musu? Ka bari su zo su tahi."

"Baba, Yamai ba su jira har babbar salla."

"Allah na nan. Abin da yake rabonka ba ya wuce ka."

Zai iya tashi ya tafi ba takarda, ya gwada sa'arsa. Ya yi wannan tunanin a kan mobilet, ya yi shi a kan tabarmar salla. Amma duk lokacin da ya kai ga yankewa sai fuskar Maikano ta tsaya masa, da Halima wadda tun daga ranar ba ta ƙara taɓa wani inji ban da nata, da tsohon da ya ciyar da shi shekaru bai taɓa goranta masa ba. In ya tafi, mutanen Ƙonni za su ce ya ɓata aiki ya gudu, kuma ba za su yi ƙarya ba.

Ranar Lahadi ya shiga akurkin telesantar. Ya yi wa Kyauta bayani tun daga farko. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"Na riga na ba da kuɗin kama gidan," ta ce.

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri nike yi tun da na zo." Yana jin hayaniyar gidan maƙwabta a bayanta. "Na tambayi shugabarmu ko za a maido ni Ƙonni. Ta ce sai an samu wadda za ta maye gurbina."

Badaru ya yi wata ƴar dariya da ba ta da daɗi, ita ma ta yi, sannan ya ji tana jan hanci. Mai telesantar ya ƙwanƙwasa gilashi, akwai masu jira.

Dauda ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ja maigidansa har mako biyu bayan ƙaramar salla. Daga nan aka ɗauki wani yaro da ya dawo daga Lome.

Rayuwar Badaru ta koma wani sabon fasali. Da, aikin na cin ƙarfinsa, amma aƙalla hannunsa na motsi. Yanzu in Malbaza ta kira, sai ya je wurin darakta a buɗe aljihun tebur, ya karɓi disket, ya hau mota, ya isa, ya bi injuna ya kunna, ya samu kujera ya zauna. Abin da ya rage kallo ne. Injunan na yin aikinsu, shi yana gadinsu, kamar makiyayin da aka ɗaure wa dabbobi a turke aka ce kada ya matsa. Ma'aikata na wucewa suna cewa ya huta, Allah ya ba shi aikin sarauta. In sun gama ya zare disket, ya hau mota, ya mayar a kulle. Sauran kwanaki yana Illela, shi da Maikano a tebur ɗaya, dattijon na ɗaga takarda ga hasken taga yana ƙoƙarin karanta lambar da gara ta bari, shi yana shigarwa. Wasu ranakun sukan hau babur su je ƙauye su tambayi mai rijiya ko ya tuna gaba nawa guga ke sauka bara da rani. Wani ya tuna, wani ya ce Allah ne masani.

A hanyar dawowa daga irin wannan tafiya ne Maikano ya tsayar da babur a gindin wani gawo don inji ya huce. Suka zauna, ya ɓare goro ya ba shi rabi.

"An ce mini saboda ni ka rasa aikin Yamai."

"Ba saboda kai ba ne, Malam."

"Da na faɗa maka an canza abin nan."

"Da ni na tambaya."

Maikano ya tauna goronsa. "Ni ma da, Maraɗi na so tahiya," ya ce. "Shekara ashirin ke nan." Suka tashi suka hau.

Masu duba furoje suka zo bayan babbar salla, mutum uku, da mace Baturiya a cikinsu. Giɓin awon rijiyoyi bai yi musu daɗi ba, sun rubuta shi a rahotonsu, amma sun ƙara wa furojen shekara biyu. Abin da ya fi burge su shi ne jan disket. Malam Hamani da kansa ya sa aka nuna musu, ya tsaya yana bayani kamar shi ya rubuta. Baturiyar ta ce babban buronsu na Yamai na fama da wannan matsalar, injuna sun fi talatin, a aika musu da kwafi. Ta kuma ce tunda za a buɗe sabon reshe a Madawa, a sa shi cikin zagayen Badaru.

Da suka tafi Badaru ya sake samun Malam Hamani a gida. Tsohon ya riga shi magana. Ya ce ya san alkawarin da ya ɗauka, bai manta ba, amma ga Madawa ta taso, kuma su waɗannan mutane da sunan Badaru suka amince. A bari reshen ya tsaya da ƙafarsa. Ya kira matarsa ta kawo fura, ya ce a dama wa ɗansa da nono mai yawa, yadda yake so tun yana lise. Badaru ya karɓi ƙwarya da hannu biyu ya sha.

Ya shirya kwafin Yamai da kyau. Ya ƙara masa dubawa a wurare uku, ya sa ya riƙa tsayawa ya tambaya kafin ya goge komai, ya rubuta bayanin amfani da shi a takarda ɗaya da faransanci mai sauƙi. Ranar da Chindo zai tafi Yamai da motar furoje, Badaru ya fito da ambulan ɗin disket, da buhun albasar Galmi, da ƴar leda. A cikin ledar takalma ne na yara, jajaye masu maɗauri, da ya saya a kasuwar bakin iyaka. Mai kanti ya tambaye shi lambar ƙafar yarinyar, ya tsaya yana auna iska da yatsu, daga ƙarshe ya ɗauki wanda ya fi girma.

"Ambulan na babban buro," ya ce wa Chindo. "Buhu da leda na gidana. Ka san kwatancen?"

"Na sani, Malam Badaru. Saƙon baki fa?"

Badaru ya ce, "Ka ce mata in sun yi yawa ta ajiye, za ta kai su."

Chindo ya ɗaure buhun a baya, ya sa ambulan a aljihun gaban mota, ya tayar. Badaru ya tsaya a bakin ƙofar furoje har motar ta hau kwalta ta miƙe yamma, ta shige tsakanin manyan motocin da ke jiran duwan, wato kwastan. Halima ta leƙo ta taga ta ce Malbaza na kan rediyo, injin kontabil mai lissafin kuɗi ya ƙi tashi tun safe. Ya ce ta gaya musu yana zuwa, ya juya ya nufi buron darakta karɓo disket.